Awon Arzika

A bakin gadar Argungu Arzika ke awon mai,
mazurari a hannu, tsumma a kafaɗa.
Galan lita huɗu, in ji shi,
jarka ashirin da biyar,
jarka takwas su cika duro.

Injina a fadama bai san lissafi ba.
Ya sha lita, ya yi tari,
ya jiƙa fangali uku, ya yi gum.
Shinkafa ta sunkuyar da kai.

Jiya na gwada da kwalbar gida.
Lita kwalba ce da sulusi;
tasa kwalba ce cif,
sulusin ya bi iska.

Ban tanka ba.
Bashin bara na cikin littafinsa:
Nomau, jarka biyu,
da jan biro.