Littafin Bonaria

Mahaifina cuku yake yi a Gavoi,
can kan dutse, inda tumaki suka fi mutane yawa.
Da tafin hannu yake shafa wa kowane dunƙule man zaitun,
ya juya shi, ya bar shi a duhu da ƙaurin hayaƙi
wata takwas, wani ma shekara.
Baƙi na hawowa daga bakin teku don su ɗanɗana.
Ni kuwa, 'yar cikinsa, ɓalli kamar farce
ya isa ya kulle ni a ɗaka kwana biyu.

Likitan Nuoro, mai tabarau a goshi,
bai ja zance ba.
Ya ce: "Sayi littafi. Rubuta abin da kika ci,
da sa'ar da kika kwanta, da inda iska ta ɓullo.
Ɓarawon naki ƙofofinsa da yawa,
sai kin bi sawu."

Na saya, mai koren bango.

Talata: tsohon cuku, rabin yatsa.
Da la'asar wani haske ya keto idon hagu,
mai haƙora irin na zarto.
Rabin fuskar mahaifiyata ya ɓace mini tana magana.
Kafin faɗuwar rana an kafa maƙera a bayan ido,
maƙerin kuma bai san hutu ba.

Lahadi: bikin ɗan Efisio.
Jan ruwan inabi, kurɓi biyu, don kada a ce na raina.
Naman da ya sha gishiri ya kwana a rataye tun hunturu.
Kiɗa, da fitilu masu ƙiftawa.
A cikinsu wa ya aika masa goron gayyata?
Littafi ya yi gum.

Ranar da tunkiya uku suka ɓata
na bi su har rana ta karya, ciki wayam, gora a bushe.
Ban ci laifin komai ba, amma ya zo.
Ashe yunwa ma ta san gidansu.

Gahawa kuwa, gaba kura baya siyaki:
in na sha kofi uku, ya zo,
in na ƙaurace mata, ya zo yana cigiyar rabonsa.

Iskar kudu mai ɗumi, wadda ke tsallako teku.
Gwiwar kakata na shelar ruwa,
kaina na shelar iska tun ganye bai motsa ba.
Turaren majami'a. Ƙararrawar safe.
Barcin Asabar da ya zarce kima.
Da kwana biyun da ke gaban al'ada,
waɗannan da ƙananan baƙaƙe na rubuta su.

Maƙwabciyarmu Gavina ta ce son jiki ne,
"Wa bai taɓa ciwon kai ba?"
Ban tanka ba. Wanda bai kwana da shi ba
gani yake ɓari ɗaya rabin ciwo ne.

Sai wata Alhamis, na yi barci na ƙoshi,
sama garau, raina kwance,
na saci yanka guda daga na bara, na ci, na zauna jira.
Shiru. Har gari ya waye, shiru.
Na kusa jefa littafin a murhu.

Daga baya na gane tulu ne a kaina.
Rashin barci ya zuba nasa, iska ta zuba nata,
fushin da na haɗiye ya ƙara moɗa guda.
Cuku ɗigon ƙarshe ne kawai,
shi ake kamawa da hannu a jiƙe.

Mahaifina bai taɓa buɗe littafin ba,
bai kuma taɓa ce mini sannu da baki ba.
Amma kullum da asuba, kafin ya zuba gishiri,
kafin hayaƙi da watanni su yi aikinsu,
yakan ɗebi farin cuku na yau, mai ɗumin nono,
ya sa a ƙaramar tasa mai tsaguwa a baki,
ya rufe da faifan katako,
ya ajiye a gefen da rana ba ta kaiwa.

Wannan ban rubuta shi ba.
Shafin na masu laifi ne.