Minti Huɗu a Bayan Katanga

Takardar ƙungiya ta iso ran Talata,
shafi goma sha ɗaya, baƙaƙe ƙanana.
Na sa tabarau na karanta a bakin murhu,
Halla na kwance, haɓarta bisa takalmina.

Doka ta tara, sakin layi na biyu:
daga bana mai kare ba zai ƙara ɓuya ba.
Zai tsaya taku shida, igiya a hannu,
ido cikin ido, minti ɗaya tak.
Wai wani ƙato ne ya tashi a tsakiyar gasa
ya cafki wuyan ɗan mitsitsin da ke gefensa,
masu su na bayan katanga suna duban agogo.
Ban ja da su ba.
Wanda ya ɗinke wuyan ya fi ni sani.

Amma a da, nan Kajaani,
a rumfar dawakin da muke haya in sanyi ya kankama,
karnuka takwas a jere bisa yashi,
mu ce "kwanta", mu juya, mu fice.
Minti huɗu.
Ba ka ganinta, ba ta ganinka.
Sai tururin bakunanmu, sai tarin Reijo,
sai zuciya tana lugude.
Can ake gane igiyar da ba a sayarwa a kanti.

Sirkka ce ta koya mata, ba ni ba.
Ni direba ne, mai riƙon jaka da butar kofi.
Ta fara da daƙiƙa biyar bayan ƙofar kicin,
ta leƙo da guntun hanta.
Goma. Talatin. Bayan rumbun itace. Bayan mota.
Darasin dai ɗaya ne kullum:
wanda ya tafi zai dawo.

Bara, cikin Nuwamba, motar asibiti ta zo da asuba.
Sirkka ta ɗaga yatsa daga ƙarƙashin bargo,
ta ce, "Jira."
Halla ta kwanta a bakin ƙofa, ƙafafu a miƙe,
irin kwanciyar da alƙali ke ba maki goma.
Har yau ba wanda ya zo ya ce an gama.

Ran Asabar muka je.
Alƙaliya Vuokko ta auna taku shida da ƙafarta.
Na tsaya, igiya na reto a tsakaninmu.
Ashe minti ɗaya ma tafiya ce.
Halla ba ta dube ni ba.
Ƙofar hagu take kallo,
wadda yanzu aka tare da tarin kujeru,
wutsiya shiru, kunne ɗaya a tsaye.

Mun zo na uku. Ɗan ƙyalle, da tafi kaɗan.
Vuokko ta rubuta a gefen takarda:
"Kwanciya ba aibi. Hankali na wani wuri."

Na ninke na sa a aljihu.
A hanya dusar ƙanƙara ta shafe layin titi,
na tuƙa a hankali
ina gwada kalmar sallama a baki,
wadda Sirkka kan faɗa da 'yar dariya a ƙarshenta.
Muryata ba ta kai can ba tukuna.