Rijiya Ba Kwaɗo

Shagona taku huɗu ne a Samaru,
tsakanin mai ɗaurin littafi da mai sayar da kati.
Shekara goma sha ɗaya ina buga wa ɗalibai kundi,
ni da wata kwamfuta 'yar gwanjo daga Sabon Gari,
fankarta na nishi kamar jaki a hawan tudu.

Ranar wata Laraba ta yi mini bore.
Allo ya yi baƙi, rubutu ya leƙo daga lungu:
lasisinka jabu ne, sai ka biya.
Na tambayi kuɗin, na yi dariya har na ƙware.

Sai ga Zulaihatu 'yar aji uku,
wadda nake bi bashin shafi arba'in.
Ta zaro filashi kamar ƙwallon dabino:
"Baba Tanimu, ba ni awa biyu."
Na ce in kin kashe ta, ke za ki yi mata sutura.
Ta ce sunansa Linux. Na ce ɗan wane gari ne?
Ta ce ba shi da gari,
aikin gayya ne, kowa ya zo da fartanyarsa,
kuma an bar gonar ba shinge.

Kafin la'asar tsohuwa ta miƙe tsaye.

Ga LibreOffice, abokin cin tuwona.
Da can da biro nake bin shafi
ina lanƙwasa wa ka da da ƙugiya,
kada ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya zama daki.
Yanzu ƙugiya na fitowa da kanta
kamar ƙahon ɗan akuya.

Ga wani kare da burushi a baki, wai GIMP.
Da shi nake wanke hoton fasfo,
in mai da bangon shagona fari fat.
Wani saurayi ya roƙe ni in cire masa ƙuraje,
na cire biyu, na bar ɗaya don a gane shi.

Ga hular kwalta mai ruwan lemo,
irin ta masu gyaran hanya a Kwangila.
Ba ta ƙin murya, ba ta ƙin hoto.
Bidiyon walimar Alhaji Mudi da ya gagari waya huɗu
nan ya buɗe, muka kalla mu tara a tsaye.

Akwai yanyawa da ta naɗe duniya da jela,
ita ke kai ni duba sakamakon jarrabawa.

Kada in yi ƙarya:
firinta ta yi kwana uku ba ta yi mana magana ba.
Wani dakta daga Shika ya dawo da takarda,
wai layukansa sun zame.
Akwai kuma baƙar taga da ake rubuta umarni,
har yau sai na yi bisimilla nake buɗe ta,
ina kwafa daga bayan littafin bashi.
Amma ran da aka ɗauke wuta ina babi na huɗu,
da ta dawo, ga babin yana jirana, ko wasali bai faɗi ba.

Na ce, Zulai, wa zan biya?
Ta ce wa kake biya a rijiyar bakin hanya?
In ka matsu, kawo guga:
suna neman mai mayar da kalmominsu Hausa.

Na soke shafi arba'in da jan biro.

Yanzu bayan isha'i, in mai kati ya ja ƙofa,
ina nan da tabarau da shayi mai sanyi,
ina gardama da wani malami a Damagaram
da ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Shi ya ce "ajiye". Na ce "adana".
Mako biyu ke nan.
Fanka na nishi, ban sauka ba tukuna.