Amon Ƙarfe

A Sheffield ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a ƙeya.
Ranar Asabar na kwanta ƙarƙashin tsohuwar motata,
kan kwalin firji da na shimfiɗa a bakin titi.
Rumasa'u na riƙe mini tocila,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.

Akwatin da na sayo fam goma sha tara ne,
kaya ɗari da ashirin a ciki,
kowanne na walƙiya kamar haƙorin Makka.
Na ɗora sufana kan noti, na yi bismilla, na ja.
Bakinta ya buɗe kamar mai hamma,
ta gwaguye kafaɗar notin, ta zame,
ta bar yatsuna huɗu suna gaisawa da ƙarfe.
Jini da baƙin mai suka gauraya.
Yarinya ta ce, "Baba, araha ba ta ado."
Ni na koya mata wannan, bara.

Maƙwabcina Oldroyd,
wanda ya shekara talatin yana narka ƙarfe
kafin a sa wa masana'antar kwaɗo,
ya leƙo ta kan shinge da kofin shayi a hannu.
Bai ce sannu ba.
Ya karɓi sufanar, ya sake ta kan siminti.
Ta ce ƙwas, kamar fasasshen ƙoƙo.
Ya zaro tasa daga aljihu, baƙa, ba kwalliya,
ita ma ya sake ta:
amo ya tashi siriri, ya daɗe bai sauka ba.

Nan take na ga kakana Ɗanjuma a bakin maƙera,
yana ƙwanƙwasa ruwan fartanya,
kunne a karkace,
yana cewa ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai mai sayar da shi.
Teku na tsallako, da digiri biyu a jaka,
don wani tsohon Bature ya maimaita mini karatun gida.

Washegari muka tafi kasuwar Lahadi,
inda ake buɗe bayan mota a baje kaya a filin ƙwallo.
Ya ce: kada ka sayi taro, sayi ɗai-ɗai.
Auna ta a tafin hannu tukuna.
Sa mata noti a baki, ka girgiza,
in ta yi rawa, mayar wa mai ita.
Sukudireba, dubi bakinta,
rabu da jan mariƙin, ba shi ke shiga ba.
Filaya, rufe ta ka ɗaga sama,
in haske ya ratsa haƙoranta, ba taka ba ce.
Tsatsar sama ba ciwo ba ce,
mai da tsumma sun ishe ta.
Amma jak...
Nan ya tsaya, ya dubi hannunsa na hagu,
inda yatsu biyu suka yi tafiya tun ban zo duniya ba.
Jak, ɗagawa ce aikinsa, ba riƙo ba.
Kada ka kai ƙirjinka
inda ba ka kafa ƙafafun ƙarfe ba.

Guda bakwai na zo da su gida cikin ledar burodi.
Ɗaya da sunan wani a jikinta,
an karce da ƙusa: Ibbotson.
Ban san shi ba, ban san ko yana raye ba.
Hannunsa ya lashe tsakiyarta har ta yi santsi,
nawa kuwa ya zauna daidai wurin.

Notin nan ya ƙi, ya sake ƙi,
sannan ya yi ajiyar zuciya, ya juya.

Yanzu Rumasa'u ke goge su, ta jera bisa lamba.
Mai lamba goma ta ɓace tun Talata.
Oldroyd ya ce haka take yi wa kowa,
ko a wace ƙasa.