Gaɓa Bakwai

A Blaenau ruwan sama ba ya sallama,
shigowa yake kamar mai gida.
Ni kuwa bas nake tuƙawa
daga gindin tsibin baƙin dutse zuwa bakin teku,
in sauke, in ɗauka, in dawo.
Shekara goma sha tara ban taɓa auna magana ba.

Daren Talata, ɗakin bayan coci:
kujeru takwas, mutum huɗu, butar shayi mai tari.
Meinir ce malamar.
Ta bar aikin gidan waya da tabarau biyu,
ɗaya a hanci, ɗaya ta manta shi a ka.

Ta ce, "Layi gaɓa bakwai ne, Idwal.
Baƙaƙen hagu su yi kira, na dama su amsa,
bi da bi, ba mai tsallake ɗan'uwansa.
Ubana dutsen rufi ya yi ta fasawa
har huhunsa ya zama dutse.
Bai taɓa sara da ƙarfi ba.
Jijiya yake nema. In ya samu, bugu ɗaya,
dutsen ya buɗe kamar littafi."

Na kai mata shafi uku a kan ƙanena Emyr,
wanda ya fita kamun kifi wata Asabar,
kwalekwalen ya dawo shi kaɗai.
Ta karanta tana tauna murfin biro.
"Baƙin ciki, sau biyar. Zuciya, sau tara.
Hawaye kuwa har sun jiƙa mini siket.
Ina takalminsa?"
Na ce, wane takalmi?
"Wanda har yau ba ka kawar daga bakin ƙofa ba."
Ban tambayi yadda ta sani ba.
A garinmu tagar kowa tana kallon ta kowa.

Ta soke, ta soke,
jan biro yana tafiya kamar garma,
shafi uku suka koma kalma biyu:
igiya, laka.
"Fara daga nan."
Na fita ina huci, na rantse ba ni ba Talata.
Talata ta zo, ƙafata ta kai ni.

Sai ƙirga ta kama ni kamar zazzaɓi.
Yatsu a kan sitiyari, ɗaya, biyu, uku,
na wuce tashar Tanygrisiau da gaɓa biyar a baki.
Wata tsohuwa mai kwandon kabeji
ta wanke ni tas, da karin da ya fi nawa daɗi.
Na rubuta zagin a bayan tikiti.
Bakwai cif. Ita ko a jikinta.

Hunturu biyu ina neman layi guda.
Kalmar gaskiya ta zo, baƙaƙenta su ƙi zama;
wadda ta zauna daram, ƙarya take yi.
Meinir ta ce ai aikin ke nan:
amo da ma'ana shanun noma ne da ba sa ga maciji,
kai kuma karkiyarka ɗaya.

A watan Maris aka kwantar da ita a Bangor.
Na je da rigar aiki a jikina,
takardar aljihuna ta yi laushi don naɗewa.
Na karanta a hankali,
na'urar gefen gado tana nata ƙirgen.
Idonta a rufe, yatsunta na tafiya kan bargo:
biyar, shida, bakwai.
Sai wani yatsa ya ƙara motsi.
"Takwas," in ji ta. "Ɗaya ta yi yawa."

Na ce na sani.
Sunansa ne a ƙarshe, ya ƙi matsawa.
Na gwada cire shi, layin ya zube.

Ta yi shiru har na ɗauka barci ne.
Can ta ce, "Doka ba ta yarda ba."
Ta ja numfashi mai ƙaya.
"Sake karantawa."

Na sake.
A waje ruwa yana sauka kan rufin dutse,
ba ya ƙirga komai.

Takalman suna nan bakin ƙofa.
Jiya na goge lakar ƙafa ɗaya,
na bar ɗayar.