Katin Gindin Kofi

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Bamberg cikin yayyafin la'asar,
ni ɗan bakin teku, wanda ƙafarsa ba ta san tudu ba.
A aljihuna akwai wani zagayayyen kati,
irin wanda ake ɗora kofi a kai don kada tebur ya jiƙe.
A bayansa rubutun Hinnerk ne, mahaifina:
sunaye uku da biro,
na huɗu ya narke cikin tsohon tabon giya.

Wayata ta ce dama, na yi dama,
ta tsayar da ni gaban shagon takalma,
ta ce wai na iso. Na kashe ta.
Lungunan garin nan sun girmi taswira,
kowace kwana sai ta haifi wata,
kogi ma ya rabu biyu don ya ƙara rikita baƙo,
gada ta miƙa ni ga gada, har agara ta koka da tafiya.

Gida na farko hanci ne ya gano shi.
Rufi gajere, benci ya sha goga da wandunan kakanni.
Aka dire mini baƙa, kumfarta ta yi tozo.
Kurɓin farko, sai ka ce an jiƙa banda a ruwa.
Na yamutsa fuska.
Wani tsoho, Balthasar, ya share gashin baki ya ce,
"Sai a kofi na uku take amsa gaisuwa,"
ya bugi tebur da dariya.

Na biyu ya zama wurin gyaran keke.
Ba wanda ya tuna.
Na tsaya ina kallon wani yaro yana liƙin taya.

Na uku ɗan shagon kwalabe ne, faɗinsa taku huɗu,
kowace kwalba da takardar da aka rubuta da hannu:
wannan da ɓawon lemo, wannan ta kwana shekara a ganga,
waccan mutum biyu ne suka dafa ta a garejin surukinsu.
Mai shagon, Mechthild, ta ɗaga katina ga fitila,
ta karkata shi, ta lumshe ido ɗaya.
"Wannan ba sunan mashaya ba ne, na mace ne: Kunigunde.
Ta rasu. Jikarta na nan bayan gidan wanki,
bi warin tsiro, shi zai nuna maka hanya."

Tsakar gida, tiyo a ƙasa, buhunan sha'ir a jingine,
Resi cikin takalmin roba, tururi ya jiƙa mata goshi.
Da na faɗi sunan mahaifina sai ta saki ludayi.
"Hinnerk? Ashe mutum ne?"
Ta ce kakarta ta taɓa ɗaukar wani yaron arewa koyon aiki,
ya yi gyangyaɗi gaban murhu, tsiron wata guda ya ƙone,
kafin asuba ya tsere, ya bar hularsa a ƙusa.
Tun ranar, duk dahuwar da hayaƙi ya yi wa yawa
sunansa suke kira a bakin tukunya.

Shekara arba'in ina cin abinci da mutumin nan,
mai gyaran injin jirgin ruwa, wanda ba ya mantuwa da kashe fitila,
bai taɓa ce mini ya san kunya ba.
Ashe ya nannaɗe ta a kati, ya ba aljihun kwat ajiya.

Resi ta tsiyayo mini daga wata ganga a kusurwa.
"Ta makon jiya ce. Ta ɗan yi Hinnerk."
Ɗaci, hayaƙi, can ƙasa wani zaƙi mai jinkiri.
Ƙararrawar coci ta buga tara, ruwa ya tsagaita.
Na ciro katin, na shimfiɗa a kan buhu,
na ɗora kofina a kai,
raɓar gilashi ta gangaro ta sha sauran sunayen,
ban ɗaga ba.