Noti na Tara

A titin Otigba, Ikeja, hawa na biyu,
shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba.
In Lurwanu ya miƙa hannu zai ɗauko sukundireba
sai na kauda kai.

Da safe Morenike ta kawo akwatin a rungume,
ɗan mitsitsi, bai kai galan ɗin mai ba.
Ta ce ɗakinta na Mushin ba zai ɗauki babba ba,
tsakanin gado da bokitin ruwa zai zauna
ta riƙa zana wa masu kuɗi gidajen Lekki.
Adashin shekara biyu ne a kwalayen nan.
Sau ɗaya ta faɗa, ta sauka.

Na ce wa yaron, zare filogi tukuna.
Danne makunni, ragowar wutar ta tsiyaye.
Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai:
akwai wata wuta a jikin mutum
wadda ba ta ƙona fata
amma tana kashe allo shiru,
ba hayaƙi, ba ƙauri.

Firosesa ta gefe ake kama shi
kamar tsohon hoton da babu na biyunsa.
Dubi alamar kusurwa. In ya zauna, ya zauna.
In ya ƙi, kai ne ka juya shi.
Man sanyaya ɗigo ɗaya, ƙwayar wake,
ba tuwo kake yi wa man shanu ba.

Ram ya shiga, ya ce ƙas.
Na biyun ma ƙas.
Sai katin hoto ya tsaya a ƙofa,
ya fi wurinsa tsawo da faɗin yatsa.

Lurwanu ya ce, Oga, mu ɗan danna.
Ya saba da danfo, inda kujerar mutum huɗu
ke haɗiye biyar da buhun albasa.
Na ce mutum yana da numfashin da zai riƙe,
ya tsuke ciki har Oshodi.
Wannan ba ya tsukewa. Tsagewa yake yi.

Muka kwance kejin faifai, muka ba shi hanya.
Muka kwantar da wayoyi ta baya, muka ɗaure,
kada wata ta leƙa bakin fanka.
Fanka ɗaya ta jawo iska ta gaba,
ɗaya ta kore ta ta baya.
Duk wanda ya kwana ɗakin da ba taga a Agege
ya san dalili.

Nan aka ɗauke wuta.
Janaretan Obiora ya yi tari, ya ƙi tashi.
Na sa tocila a baki, ina ƙirga da ido.
Noti tara na zuba a murfin gwangwanin madara.
Murfin wayam.
A jikin allo, takwas.

Na ɗaga akwatin na karkata shi.
Can ciki, a bayan allon,
wani abu ya mirgina.

Yaron ya dubi agogo, ya dubi hadari.
Oga, guda ɗaya ne fa.
Na ce guda ɗaya ne,
kuma ƙarfe ne, kwance a bayan hanyoyin wuta.
Ranar da ya haɗa biyun da ba sa gaisawa,
kai za ka je Mushin ka yi bayani?

Muka warware aikin awa uku.
Gefen akwatin ya yanke ni a babban yatsa,
ban sani ba sai da na ga ja a kwali.
Ga shi nan, ƙarami kamar ƙwayar dawa,
ya lafe a lungu.
Lurwanu da kansa ya ɗaure shi,
a hankali, bai matse da yawa ba.

Bayan magariba wuta ta dawo.
Na ce kai ka danna.
Fanka ta juya. Ƙara ɗaya, gajeriya.
Rubutu ya fito fari a kan baƙi.

Morenike ta hawo a jiƙe, takalmi a hannu,
ta ce bai dai ba ku wahala ba?
Ina tsotsar yatsa.
Yaron ya ce, a'a, Anti.
Kada dai ki jingina shi da bango,
ki bar masa tafin hannu ɗaya ta baya.